Shekara 12 a Cikin Tantin Roba: Nazarin Lamarin Yaron da Aka Haifa Babu Garkuwar Jiki

Lamarin a taƙaice

Ranar 21 ga Satumba, 1971, aka haifi wani yaro a birnin Houston da ke jihar Texas ta Amurka. Zuciyarsa da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa duk lafiya lau. Abin da ya rasa shi ne ɓangaren garkuwar jiki da ke gane ƙwayar cuta, ya yaƙe ta, ya kuma riƙe kamanninta don gaba. Likitoci suka sa shi cikin wani tantin roba da aka tsarkake daga ƙwayoyin cuta, da niyyar ya zauna na ɗan lokaci kafin a yi masa magani. Ya zauna shekara 12. A watan Oktoba na 1983 aka yi masa dashen ɓargo, ya rasu ranar 22 ga Fabrairu, 1984. Duk tsawon rayuwarsa ba a bayyana wa jama'a sunan gidansu ba, a nan ma za mu ci gaba da kiransa yaron.

Kafin haihuwa: 1968 zuwa 1971

Iyayen sun haifi 'ya mace a 1968, lafiyayya. A 1970 suka sami ɗa namiji, ya rasu yana da wata bakwai. Likitoci suka gano yana ɗauke da cutar da suke kira SCID, wato matsanancin rashin garkuwar jiki da ake haihuwar jariri da shi.

Jaririn da ke da wannan cuta yakan zo duniya kamar kowane jariri, har a yi suna a watse ba a ga komai ba. Dalili shi ne a watannin ƙarshe na ciki uwa na tura wa ɗanta makaman garkuwa na jininta, waɗanda ake kira antibodi, ta hanyar mabiyiya. Waɗannan makaman aro ne, sukan yi ta raguwa har su kusan ƙarewa wajen wata shida. Jariri mai lafiya kafin lokacin ya fara ƙera nasa. Mai SCID kuwa, da na aron sun ja baya sai cututtuka su yi masa rubdugu: farin kumfa a harshe da dasashi da ba ya jin magani, gudawar da ba ta tsayawa, ciwon huhu a kai a kai, rama. Idan ba a yi komai ba, da wuya ya kai shekara biyu.

Irin wadda ke gidan nan ta wajen uwa ake gadonta. Lahanin yana kan kuromozom ɗin X, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki. Mace tana da X biyu, idan ɗaya ya sami matsala ɗayan ya rufa masa asiri, sai ta rayu lafiya tana ɗauke da abin ba ta sani ba. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwarsa. Saboda haka aka gaya wa iyayen cewa duk ɗa namijin da za su haifa, yiwuwar ya zo da cutar rabi da rabi ce.

Ilimin garkuwar jiki kansa a lokacin jariri ne. A 1950 ne likitoci a Suwizalan suka fara bayyana wannan cuta. Sai a 1961 Jacques Miller ya nuna a Landan cewa taimos, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, tana da aiki a garkuwar jiki. A 1965 Max Cooper da Robert Good suka nuna ta gwaji a kan kaji cewa fararen ƙwayoyin jinin da ake kira limfosait zuri'a biyu ne, waɗanda yau muka sani da ƙwayoyin T da ƙwayoyin B. A 1968 tawagar Good a Jami'ar Minnesota ta warkar da wani jariri mai SCID da ɓargon yayarsa, wanda ya dace da jikinsa.

Da wannan nasara ta 1968 a zuciya masana uku, Raphael Wilson da Mary Ann South da John Montgomery, suka tsara abin da za a yi da cikin da matar ke ɗauke da shi. Idan namiji ne, za a killace shi tun daga sakan na farko don kada wata ƙwayar cuta ta taɓa shi, sannan a yi masa dashe da ɓargon yayarsa. Wilson ya taɓa aikin killace wasu tagwaye masu raunin garkuwa a Jamus, waɗanda daga baya suka fito suka rayu. Fatan da ake yi ke nan: zaman tanti na 'yan watanni ne.

Satumba 1971: haihuwa da sakamakon gwaji

An ciro shi ta tiyata, domin hanyar haihuwa cike take da bakteriya. Cikin daƙiƙu kaɗan aka sa shi a tantin. Ko ruwan da aka yi masa baftisma da shi sai da aka tsarkake.

Sakamako biyu suka fito. Na farko, yana da cutar. Na biyu, ɓargon yayarsa bai dace da jikinsa ba.

Don a gane nauyin waɗannan sakamako, sai an duba yadda jiki ke kare kansa. Kariyar farko ita ce hana shiga: fata, majinar hanci da maƙogwaro da ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta, siraran gashin hanyoyin numfashi da ke turo su waje, ruwan ciki mai tsami, hawaye da yawu. Idan ƙaya ta soki ƙafa, an keta wannan shinge, sai kariya ta biyu ta tashi cikin mintuna. Jijiyoyin wurin su buɗe, wurin ya yi ja ya kumbura ya ɗau zafi. Fararen ƙwayoyin jini iri biyu, nutrofil da makrofaj, su taru suna haɗiye bakteriya. Mugunyar da ke fita bayan kwana biyu yawancinta gawarwakin nutrofil ne da abin da suka kashe. Wannan kariya tana da sauri amma ba ta tantance abokin gaba dalla-dalla, ba ta kuma riƙe shi a ka. Yaron yana da wannan duka.

Kariya ta uku ita ce ta limfosait. Duk wanda ya taɓa jin ciwo a ƙafa, bayan 'yan kwanaki ya ji kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ya taɓa aikinta da hannunsa. Wasu ƙwayoyin jiki ne ke ɗaukar ɓarɓashin ƙwayar cutar daga bakin miki su kai shi wannan ƙullutu, inda limfosait ke taruwa. A cikin miliyoyinsu, kowace ɗaya siffa ɗaya tak take iya ganewa. Wadda siffar ta dace da ita sai ta shiga hayayyafa, ɗaya ta zama dubbai, shi ne kumburin da ake ji. A karon farko aikin kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Bayan an ci cutar, wasu daga cikinsu su rage a jiki shekara da shekaru, idan cutar ta dawo su tare ta kafin mutum ya kwanta. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya maimaitawa, kuma a kan wannan aka gina allurar riga-kafi.

Ƙwayoyin B su ke ƙera antibodi, masu manne wa ƙwayar cuta a jini da majina su hana ta shiga, su kuma yi mata alama don masu haɗiya. Ƙwayoyin T daga ɓargo suke fitowa, su je taimos su sami horo, inda ake zubar da mafi yawansu, a bar waɗanda za su iya gane baƙo ba tare da sun far wa jikin mai su ba. Kashi biyu ne. Akwai masu kisa, waɗanda ke gane ƙwayar jikin da bairas ya shiga ya ɓuya, inda antibodi ba ya kaiwa, su kashe ta da abin da ke cikinta. Akwai kuma mataimaka, waɗanda ke ba ƙwayoyin B da makrofaj da masu kisa umarni. Akwai wasu kuma da ake kira NK, su ma suna kashe ƙwayar jikin da ta kamu, tun kafin ƙwayoyin T su shirya.

A irin cutar yaron, ƙwayoyin T da na NK ba sa ginuwa. Ƙwayoyin B suna nan da yawansu amma ba sa aikin kirki. Kamar gari ne da maƙeransa ke zaune a maƙera, ga wuta ga ƙarfe, amma babu mai zuwa ya gaya musu irin makamin da yaƙin yau ke bukata.

Batun dacewar ɓargo ma daga ƙwayoyin T ya taso. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da wani tambari da ake kira HLA, wanda mutum ke gado rabi daga uwa rabi daga uba. Da shi ƙwayoyin T ke bambance na gida da baƙo. Tsakanin 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, yiwuwar tambarin ya zo daidai ɗaya ce cikin huɗu. Idan aka dasa ɓargon da bai dace ba, ƙwayoyin T na mai bayarwa da ke cikin ɓargon za su ɗauki jikin majinyacin a matsayin baƙo, su far wa fatarsa da hantarsa da hanjinsa. A 1971 wannan kusan hukuncin kisa ne. Aka fasa dashen, aka shiga neman wani mai bayarwa.

1971 zuwa 1977: rayuwa a tanti

Tantin na roba ne garai-garai, ana hango ciki. Injin yana hura masa iskar da aka tace dare da rana, ƙarfin iskar ciki ya fi na waje, ta yadda ko an sami huda iska fita za ta yi ba shiga ba. Ƙarar injin kan sa hira da shi ta yi wuya. A jikin bangon an liƙa dogayen safar hannu na roba, da su ake ɗaukarsa, a ba shi abinci, a canza masa ƙunzugu. Uwarsa ma ta cikinsu take taɓa shi.

Duk abin da zai shiga, tufafi ko littafi ko abin wasa, sai an sa shi a wani akwati mai iskar gas mai kashe ƙwayoyin cuta na awa huɗu a zafin digiri 60, sannan a bar shi ya sha iska daga kwana ɗaya zuwa bakwai don gubar gas ɗin ta fita. Abinci da ruwa su ma sai an tsarkake. Da ya girma aka faɗaɗa tantin, aka haɗa masa da ɗakin wasa. Aka kuma kafa irinsa a gidan iyayensa, da wani ƙarami na ɗaukarsa a mota, ya riƙa yin wani lokaci a asibiti wani lokaci a gida.

Ta fuskar jiki, tsarin ya yi abin da aka gina shi dominsa. Yaron ya yi girma daidai da sa'o'insa, ya yi tafiya, ya yi magana, ya kuma nuna kaifin basira. Wasu 'yan bakteriya marasa illa sun sami shiga jikinsa duk da tsaron, amma bai yi wata rashin lafiya mai tsanani ba. Abin da ake jira kuwa bai zo ba. Garkuwarsa ba ta farfaɗo da kanta ba, mai ɓargon da ya dace kuma bai samu ba.

Yana da shekara huɗu ya tsinci wata allura da aka manta a ciki, ya riƙa huda bangon tantin da ita. A lokacin ne aka zaunar da shi aka yi masa bayanin ƙwayoyin cuta da abin da za su yi masa. A 1975 malamin addinin Kirista na asibitin ya kira taron ma'aikata don a tattauna ko abin da ake yi daidai ne, da kuma ina za a dosa. Taron ya tashi ba a sauya komai ba.

1977 zuwa 1983: rigar NASA da dogon jira

A 1977 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗinka masa riga irin ta 'yan sama-jannati, wadda ta ci dala 50,000. Ta wani bututun yadi mai tsawon kusan mita biyu da rabi yake rarrafawa daga tanti ya shiga rigar, iska kuma na zuwa masa daga injin da ake turawa a bayansa. A cikinta ne ya fara taka ƙasa a waje, uwarsa ta fara rungumarsa. Amma yana tsoron shiga, don an riga an koya masa abin da huda ɗaya ke nufi. Bai sa ta fiye da sau bakwai ba ta yi masa kaɗan. Aka yi masa wata, bai taɓa sawa ba.

Bayan likitocin farko sun koma wasu wuraren aiki, likita William Shearer ya karɓi kulawarsa. Karatu yana yi ta hannun malamai da ta waya da ajinsu. Masu kula da lafiyar tunaninsa suka riƙa ganin damuwa da fushi da munanan mafarkai a kan ƙwayoyin cuta, suna ƙaruwa yayin da yake fahimtar cewa ba ranar fita. Balaga na tafe, kowa ya san tantin da ya riƙe jariri ba zai riƙe saurayi har abada ba. An ƙiyasta kuɗin kulawarsa gaba ɗaya ya kai dala miliyan 1.3.

Oktoba 1983: dashen ɓargo

Farkon shekarun 1980 aka sami dabarar da ta buɗe ƙofa: a ɗebi ɓargon da bai dace ba, a tsince ƙwayoyin T na mai bayarwa daga ciki, a bar ƙwayoyin asali masu haifar da jini. Su waɗannan idan sun zauna, za su haifi sababbin ƙwayoyin T da za su sami horo a taimos ɗin majinyacin, su tashi suna ganin jikinsa a matsayin gida. An riga an gwada a kan wasu jarirai an ga alamun nasara.

Iyayen suka amince, shi ma aka yi masa bayani. Ranar 21 ga Oktoba, 1983, aka ɗura masa ɓargon yayarsa ta jijiya, bayan an tsince ƙwayoyin T ɗinta. Yana cikin tantinsa aka yi. Makonnin farko suka wuce lami lafiya, ɓargon bai far wa jikinsa ba. Garkuwar da ake jira dai ba ta kafu ba.

Janairu zuwa Fabrairu 1984

A rana ta 80 bayan dashen zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon ciki, da amai da gudawa, sannan jini ya fara zuba daga hanji. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini suka yi ƙasa. Ya zama ba za a iya yi masa jinyar da yake bukata ta cikin safar roba ba. Ranar 7 ga Fabrairu aka fito da shi zuwa wani ɗaki da aka tsarkake. A kwanakin nan ne uwarsa ta taɓa fatarsa ba tare da roba a tsakani ba. Ya yi kwana 15 a waje, ya rasu ranar 22 ga Fabrairu, kwana 124 bayan dashen.

1985: abin da binciken gawa ya nuna

An tarar da ƙulle-ƙullen sankara birjik a sassan jikinsa da dama. Dukkansu ƙwayoyin B ne, kuma nasa ne na kansa, ba na yayarsa ba. A cikin kowane ƙulli aka sami bairas ɗin Epstein-Barr. Jinin yayar ya nuna ta taɓa kamuwa da shi a baya ta warke. Shearer da abokan aikinsa suka wallafa wannan a 1985.

Wannan bairas ba baƙon abu ba ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi. Ta yawu yake yaɗuwa, a ƙasashenmu yawanci tun yaro yana ƙarami, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Ba ya barin jiki. Yakan shige cikin ƙwayoyin B ya lafe, kuma yana da ikon tunzura su su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Abin da ke hana hakan a jikin mai lafiya shi ne ƙwayoyin T masu kisa, waɗanda kullum suke bin duk ƙwayar B da bairas ɗin ya motsa a cikinta suna kashewa. Ko mutum yana kasuwa ko yana barci, wannan aiki na tafiya.

A jikin yayar, bairas ɗin da masu tsare shi tare suke zaune. Da aka tsince ƙwayoyin T daga ɓargon don kada su cutar da ƙaninta, an cire masu tsaron, bairas ɗin ya wuce. Ya isa jikin da ke cike da ƙwayoyin B, babu T, babu NK.

Cutar da ta biyo baya dangin sankarar Burkitt ce, wadda likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura wa yara muƙamuƙi ko ciki. A cikin ƙwayoyin wannan sankara ne aka fara ganin bairas ɗin a 1964. Likitocin yara a Najeriya sun san ta sarai, domin ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yawan kamuwa da zazzaɓin na cikin abin da ke raunana riƙon da ƙwayoyin T ke yi wa bairas ɗin.

1993 zuwa 2019: abin da ya yi aiki

An adana wasu ƙwayoyin jinin yaron. A 1993 tawagar Warren Leonard a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta yi amfani da su, tare da na wasu majinyata, ta gano ainihin ƙwayar gadon da ta lalace, wato ɓangaren gadon halitta da lahanin yake ciki. Aikinta gina wani ɗan yanki ne da limfosait ke karɓar saƙo da shi. Daga baya aka tabbatar saƙonni iri shida ne ke bi ta wannan yanki ɗaya, ciki har da wanda ke sa ƙwayoyin T su ginu da wanda ke sa NK su ginu. Lahani ɗaya, zuri'a biyu suka ɓace, ta uku ta zauna ba aiki.

Sanin wannan ya kai ga gyaran ƙwayar gadon. A 2000 Alain Fischer da Marina Cavazzana-Calvo na asibitin Necker a Paris suka ba da rahoton jariran da aka ɗebi ɓargonsu na kansu, aka sa masa lafiyayyar ƙwayar gado, aka mayar musu, garkuwarsu ta tashi. Nasarar ta zo da tsada: cikin yara 20 da aka yi wa a Paris da Landan, aƙalla biyar sun kamu da sankarar jini, ɗaya ya rasu, saboda abin da aka yi dakon ƙwayar gadon da shi ya sauka kusa da wata ƙwayar gado mai haddasa sankara ya tayar da ita. Aka koma aka sake ƙira. A 2019 asibitin St. Jude da ke Memphis ya ba da rahoton jarirai takwas da aka yi wa da sabuwar hanya, ƙwayoyin T da B da NK suka samu.

Amma abin da ya ceci yara mafi yawa bai kai wannan sarƙaƙiya ba. Lokaci ne. Wani babban nazari da aka wallafa a 2014 ya nuna jariran da aka yi wa dashen ɓargo suna da wata uku da rabi ko ƙasa, kashi 94 cikin 100 na raye bayan shekara biyar, ko da wane irin mai bayarwa aka yi amfani. Waɗanda suka wuce wannan lokaci kuma aka yi musu dashen suna fama da wata cuta a jiki, kashi 50 ne. Don haka aka koma neman cutar kafin ta nuna kanta. Lokacin da ƙwayar T ke samun horo a taimos, takan yar da wani ɗan guntun zoben ƙwayar gado. Ana iya ƙirga waɗannan zobba a ɗigon jinin da ake ɗauka daga dugadugin jariri. Idan babu su, taimos ba ya fitar da komai. Jihar Wisconsin ta fara wannan gwaji a 2008, kafin ƙarshen 2018 duk jihohin Amurka 50 sun ɗauka. Gwajin ya nuna cutar na samun kusan jariri ɗaya cikin 58,000 a can.

Shi ma Epstein-Barr ba a ƙara barinsa ya shammaci likitoci haka. Yanzu ana auna yawansa a jinin wanda aka yi wa dashe, idan ya fara hawa a ba da maganin rituximab mai rage ƙwayoyin B, ko a ɗura wa majinyacin ƙwayoyin T da aka horar musamman a kan bairas ɗin.

Hukunci

Tantin ya yi nasara a aikinsa. Yaron da ba zai kai shekara biyu ba ya kai 12. Amma tantin fata ce ta biyu kawai, ya ƙara kaurin kariyar farko, ya bar giɓin yana nan inda yake. Kuma lamarin ya nuna iyakar tsafta ƙarara. Abin da ya kashe yaron ba wata muguwar annoba ba ce. Bairas ne da ke jikin kusan duk mai karanta wannan rubutu, wanda ba ya yi masa komai saboda ƙwayoyin T ɗinsa na danne da shi.

Dashen 1983 ban ga laifin yanke shawararsa ba. Zaɓin da ke gabansu shi ne dashe mai haɗari, ko zama a roba har mutuwa, ko fitowa a dogara da magunguna, kuma kayan auna bairas ɗin da ake da su yau babu su a lokacin. Inda nake ganin an gaza shi ne tun 1971. An shirya yadda za a sa jariri a tanti filla-filla, ba a shirya abin da za a yi ba idan ɓargon yayarsa bai dace ba, alhali an san yiwuwar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Likitocin ba mugaye ba ne, sun yi imani magani na kusa, iyayen kuma sun riga sun binne ɗa ɗaya. Duk da haka wanda ya biya farashin wannan fata yaro ne da ba a tambaye shi ba, kuma tambayar da aka yi a taron 1975 ta cancanci a yi ta kafin a haife shi.

A wajenmu, dashen ɓargo an fi saninsa ta dalilin sikila, kuma an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Gwajin dugadugi na SCID bai shiga cikin abin da ake yi wa jarirai a asibitocinmu ba, don haka jaririn da ya zo da ita zai iya rasuwa a ce gudawa ce ko ciwon huhu. Akwai kuma nau'o'inta da ake gado daga uwa da uba tare, masu kama maza da mata, waɗanda suka fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Allurar BCG da ɗigon shan-inna na baki suna ɗauke da ƙwayoyin cuta masu rai da aka raunana. Ga jariri mai lafiya kariya ce babba da bai kamata a yi wasa da ita ba, kuma irin waɗannan yara marasa garkuwa da riga-kafin yaran maƙwabta suke samun sauƙi. Ga mai SCID kaɗai ne suke zama haɗari. Saboda haka matar da ta rasa jarirai a jere kafin su shekara, da gudawa da ciwon huhu da farin kumfa a baki, ko wadda 'yan uwanta maza ko kawunanta na wajen uwa suka rasu suna jarirai ta haka, ta faɗa wa likita tun tana zuwa awo. Gwajin jini na yau da kullum da ke ƙirga limfosait, da hoton ƙirji da zai nuna ko taimos na nan, sun isa su sa likita ya dakatar da waɗannan riga-kafi biyu ga wannan jariri, ya tura shi asibitin koyarwa tun cuta ba ta kama shi ba.